Magen Auta a Gidan Kurma

Lahadi, da yamma

Na kawo magen Auta gida yau. A kwandon wanki na ɗauko ta, na rufe da tawul na ɗaure da igiya, ita kuma tun daga ƙofar gidan Auta har ƙofar tamu tana zagina da yarensu. Mai tasi sai da ya waiwayo ya tambaye ni ko jariri ne.

Auta ƙanwata ce, ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu. Tana asibiti. Likita ya ce sai an yi mata aiki, kuma bayan aikin ba za ta iya zama ita kaɗai ba, sai dai ta dawo wurina. Ita kuwa ta kafe, wai babu mai taɓa ta da wuƙa sai ta tabbatar magenta ta zauna lafiya a gidana. Na ce, "Auta, mage fa? Maganar rai ake yi." Ta ce, "Ita ma rai gare ta, Yaya. Ki fara kai ta tukuna mu ga yadda gidan zai karɓe ta."

Sunan magen Sufeto. Auta malamar makaranta ce, ta ce babu littafin ɗalibin da za ta buɗe magen nan ba ta hau kai ta zauna ta duba ba.

Matsalar ita ce Kurma, karen maigidana. Ba kurma ba ne, kunnensa ya fi nawa. Ya samu sunan ne don duk gidan nan babu wanda yake amsa wa kira sai maigidan. Tsakar gida da baranda nasa ne, bai taɓa tsallake bakin ƙofar ɗaki ba. Bara waccan wata magen titi ta faɗo mana ta katanga, ina tsaye da kwanon wanke-wanke a hannu. Sauran ba zan rubuta ba.

Na sa Sufeto a ɗakin baya, wanda ƙofarsa ke kallon baranda. Da maigidan, wanda kafinta ne, ya dawo daga unguwa ya ji kuka, sai ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Na ce, "Magen Auta ce." Ya ce, "Ta ƙanwarki." Haka yake kiranta tun ranar da suka gaya wa juna baƙar magana a gaban mutane, ita ma "mijinki" take ce masa. Ya ce, "Ni dai ba ruwana. Kare kare ne. In ya yi abin da ya saba kada wanda ya kalle ni."

Litinin, da hantsi

Na rufe keken ɗinki na tafi wurin likitar dabbobi. Doguwar mace ce mai saurin magana, da karce ko'ina a bayan hannunta. Na zayyana mata komai, ban da maganar asibiti.

Ta ce, "Mama, ku mutane da ido kuke fara sanin juna, shi ya sa faɗa ba ya ƙare muku. Su da hanci suke gaisawa. Kada ki bari su ga juna yanzu. Ki samu ƙyalle ki goga a kumatun magen, ki kai wa karen. Ki goga wani a wuyan karen, ki kai wa magen. Kullum. Abincinsu kuma ki ajiye kusa da ƙofar, shi ta waje, ita ta ciki, ƙofa a rufe. So ake duk sanda ya ji ƙamshinta ya tuna da abinci, ba farauta ba."

Na ce, "To, sai yaushe za a buɗe?"

Ta ce, "Sai sun ce."

Na ce da wane bakin? Ta yi dariya ta ce zan gani da idona. Sannan ta ɗaga mini yatsa: "Abu ɗaya, Mama. Ko da wasa kada ki ɗauke ta a hannu ki nuna masa. Mage in ba ta ga hanyar gudu ba, hauka take yi."

Ƙyalle dai ba abin da zan nema ba ne. Shekara da shekaru ina ɗinki, buhun guntayen yadi ne da ni a ƙarƙashin tebur. Na zaɓo masu taushi, ja na Kurma, shuɗi na Sufeto.

Talata, da safe

Kurma ya tare a ƙofar ɗakin baya. Ba ya haushi, da ma haushin ya yi da hankalina ya fi kwanciya. Kwance yake, haɓarsa a ƙasa, hancinsa a ƙarƙashin ƙofa, jelarsa ko motsi. In zan shiga sai na kira maigidan ya janye shi, shi kuma sai ya gama shan shayinsa tukuna.

Sufeto tana saman kwabar ajiye kaya. Kallon da take mini ko shugabar makaranta sai haka.

Laraba, bayan la'asar

Na je asibiti. An canja mata gado, yanzu tana kusa da teburin nas. Ban tambayi dalili ba.

Ta ce, "Ta ci abinci?" Na ce ta ci. "Karen fa?" Na ce yana nan. "Mijinki ya ce me?" Na ce bai ce komai ba. Ta juya fuska wajen taga.

Nas ta zo ta tsaya a kanmu da murmushin nan nasu, ta ce, "Malama, likita yana tambaya." Auta ta ce, "Ba tukuna ba." Na ji kamar in ɗauke ta in kai ta ɗakin aikin da kaina, kamar yadda nake ɗaukarta tana ƙarama in ta ƙi wanka. Amma yanzu ko hannunta na kama sai in ji tsoron ƙashin.

Juma'a, da safe

Ja ya shiga, shuɗi ya fita. Babu labari.

Asabar, da azahar

Na kai wa Kurma shuɗin ƙyalle, ya shinshina, ya yi atishawa, ya koma ya kwanta a ƙofa. Sufeto ko kallon jan ba ta yi. Ni na zama ɗan aike tsakanin kare da mage, kuma babu mai karɓar saƙon. Wata da ta kawo ɗinki ta zo karɓar rigarta ta same ni durƙushe ina goga wa kare tsumma a wuya. Ta ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya lau, awo nake masa.

Maigidan ya wuce mu ya yi kamar bai gani ba.

Litinin, da hantsi

Na koma wurin likitar dabbobi raina a ɓace, na ce dabararta ba ta aiki. Ta ce in nuna mata ƙyallen. Na ciro daga jaka, a ninke tsaf. Ta kai hanci, ta ɗago ta dube ni.

"Mama, wannan ai ƙamshin sabulu ne."

Na ce eh mana, sai na wanke nake kai wa ɗayan. Zan ɗauko tsumman da ya taɓa jikin kare in shigar da shi ɗaki haka nan? Wankewa nake, in shanya, in goge.

"Har da guga?"

Na ce har da guga. Ni a rayuwata ban taɓa miƙa wa wani yadi a yamutse ba.

Matar nan ta dafa tebur tana dariya har da hawaye. Ta ce, "To duk kwanakin nan wasiƙa kike kai musu bayan kin goge rubutun." Ni ban yi dariya ba. Na tuna da nas da murmushinta, na tuna duk kwanakin da na ɓatar a bakin famfo. Na zauna a bencinta kusa da wani mutum mai riƙe da zomo, na yi kukana. Ta daina dariyar ta kawo mini ruwa, ba ta tambaye ni komai ba.

Talata, da safe

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba.

Na goga shuɗin a kumatun Sufeto, na kai shi yadda yake, da gashi da komai, na ajiye a gaban Kurma. Ya miƙe tsaye. Bai taɓa shi ba tukuna, sai ya zagaye shi. Sannan ya sunkuyar da kai ya fara daga wannan gefe, a hankali, hancin yana rawa, ya bi layi har ƙarshe, ya dawo ya ɗauki layi na biyu. Wallahi karatu yake yi. A wani wuri sai ya tsaya ya daɗe, ya ɗago kai ya dubi sama kamar mai tunani, ya koma wurin. Gashin bayansa ya tashi, ina kallo, sannan ya kwanta da kansa kaɗan kaɗan.

Ni na shinshina ƙyallen nan kafin in ba shi, ban ji komai ba sai yadi. Ashe akwai labari guda a rubuce a jiki, shekarunta, abin da ta ci, tsoron da take ciki, ko ma fiye da haka, kuma Allah ya ba wannan dabbar da nake kora da tsintsiya ikon karantawa, ni ya hana ni. Tsigar jikina ta tashi. Duk shekarun nan yana kwance a barandata yana jin abubuwan da ban san suna nan ba. Ko me yake ji a jikina in na dawo daga asibiti?

Da na shiga da jan, Sufeto ta sauko daga kwaba a karon farko ina cikin ɗakin. Ta yi masa huci, ta mare shi da hannu, sannan ta zauna nesa kaɗan tana harararsa.

Alhamis, da yamma

Likita ya kira ni waje. Ya yi magana mai tsawo yana kallon takalminsa. Abin da na riƙe kawai shi ne jira ba ya taimakonmu.

Na koma ciki na ce wa Auta, "Albishirinki, sun saba. Jiya tare suka kwana." Ta dube ni ta ce, "Yaya, tun muna yara in za ki yi ƙarya sai kin gyara ɗankwali." Hannuna kuwa yana kan ɗankwalin.

Nas ta zo. Ba tukuna ba.

Juma'a, bayan la'asar

Hannuna na dama a naɗe yake, rubutun ma da ƙyar.

Na san an hana ni. Amma na tashi da maganar likita a kunnena, na ce yau sai an yi ta ta ƙare. Maigidan yana bakin famfo yana wanke fuska. Na shiga na ɗauki Sufeto na rungume, na buɗe ƙofa na ce, "Kurma, ga ta nan, ku gaisa."

Ban san mage tana da ƙarfi haka ba. Ta zama kamar an kunna injin a ƙirjina, ta tsaga mini hannu daga wuyansa har gwiwa, ta dira ƙasa ta zura da gudu. Kurma ya tashi. Na ga bakinsa a buɗe, na ga ranar bara waccan ta dawo, na kasa ko ihu.

Sai na ji muryar maigidan daga bakin famfo. Kalma ɗaya ce, kuma bai ɗaga murya ba. "Kwanta."

Karen nan yana cikin gudu, bakinsa saura kaɗan ya kai jelarta, ya taka burki har faratansa suka yi ƙara a siminti. Ya kwanta. Jikinsa duk yana karkarwa, yawu yana zuba, idonsa a kanta, duk halittarsa tana ce masa tashi, amma ya kwanta. Sufeto ta kewaya ta faɗa ɗakin, na ja ƙofa. Na tsaya jini yana ɗiga a zanena ina kallon kare da ubangidansa. Ban taɓa sanin akwai irin wannan igiya tsakaninsu ba, wadda ba a gani, kuma ta fi sarƙa ƙarfi.

Maigidan ya zo ya kama hannuna ya duba, fuskarsa a haɗe. Ya ce, "Ke da kike ɗinki, kin taɓa yanka yadi ba ki auna ba?" Na ce lokaci ne babu. Ya ce, "Lokacin wa?" Sai na gaya masa abin da likita ya ce. Duka. Shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ya ɗauko maganin ciwo ya wanke mini hannun, ya raka ni aka yi mini allura.

Asabar, da safe

Sufeto tana ƙarƙashin gado. Ba ta ci ba. Ni na jawo.

Lahadi, da daddare

Ƙarar zarto ce ta tashe ni. Na fito na tarar da maigidan a tsakar gida da katako da raga, fensir a bayan kunne. Ranar hutunsa ce, ranar da ko ƙusa ba ya ɗagawa. Na ce me ake yi? Ya ce, "Ƙofar raga. Sauro ya yi yawa a ɗakin bayan nan."

Ɗakin da babu mai kwana a ciki. Na ce gaskiya ne, sauron ya dame mu.

Kafin azahar ya kafa ta a gaban ƙofar katakon, da sakata biyu. Sannan ya shiga ciki ya buga kantoci uku a bango, kowace ta fi ta ƙasanta tsawo, kamar matakala, ta ƙarshen can kusa da silin. Na ce su kuma na sauron ne? Ya ce, "Na ajiye kaya ne." Ya shafa saman kowace da tafin hannu ya tabbatar babu tsini.

Da la'asar na leƙa. Kayan nasa masu jela sun hau kantar da ke can sama sun zauna, suna lasar hannu.

Talata, da safe

Yanzu aikin ya bar hannuna. Kafin ya tafi shago, maigidan yakan ɗauko kujera ya zauna a baranda, Kurma a gefensa da igiya, ya buɗe ƙofar katako ya bar ta raga. Suna ganin juna ke nan. In Kurma ya ƙura mata ido jikinsa ya sandare, sai ya kira sunansa a hankali. In ya juyo ya dube shi, sai ya ba shi ɗan guntun nama. Shi ke nan. Haka za su yi ta yi, shayinsa yana hucewa a ƙasa. Kullum yana matso da kujerar kaɗan, kuma na lura da alli yake sa alama a siminti.

Mutumin da ba ya iya jiran ruwa ya tafasa. Ina zaune a bakin keke na kasa ɗinki, sai kallonsu nake ta taga.

Yau na ji yana yi wa karen magana ƙasa ƙasa. Wai, "Ba sai ka so ta ba. Ka bar ta ta zauna kawai." Na yi sauri na taka keke don kada ya san na ji.

Laraba, bayan la'asar

An sa wa Auta ƙarin ruwa. Muryarta ta yi ƙasa, sai na sunkuya nake ji.

Na ba ta labarin ƙofar raga da kantoci. Ta ce, "Wa ya yi?" Na ce wa kuwa. Ta ce, "Ke kika roƙe shi." Na ce wallahi ban roƙe shi ba, kuma hannuna na nan a kan cinyata, ta duba ta gani. Ta ce, "Ya ambaci sunana?" Na ce a'a.

A mota ina dawowa maganar ta yi ta juya mini. Kullum sai ta tambayi magen, ta tambayi karen, sannan ta tambayi abin da mijina ya ce, kuma amsar ta ukun ce kaɗai take juyar mata da fuska. Ni da nake taƙamar na san Auta ciki da waje, sai yau na gane ba haƙoran Kurma take tsoro ba. Yau ma amsar da ta ba nas ba ta canja ba.

Ba tukuna ba.

Juma'a, da safe

Alhamdu lillahi. Bari in rubuta tun ban manta ko ɗaya ba.

Da muka fito, Sufeto tana zaune a ƙasa a jikin ragar, Kurma yana kwance ta waje, ya ba ta baya yana barci. Maigidan ya dube ni ya ce, "Sun ce." Ashe na gaya masa maganar likitar dabbobi, ya riƙe.

Ya sa wa Kurma igiya amma ya bar ta sako-sako. Ya ce in zare sakata in koma gefe, kada in yi magana, kada in taɓa kowa. Na buɗe, na ɗauko waya da hannun hagu ina ɗaukar su bidiyo.

Ta daɗe ba ta fito ba. Sannan ta sako ƙafa ɗaya a baranda, ta tsaya, ta sako ta biyu. Kurma ya ɗago kai. Na daina numfashi. Sai ya yi wani abu da babu wanda ya koya masa: ya kwantar da kunnuwa, ya juyar da fuskarsa gefe, ya ƙi kallonta. Ƙaton kare da zai iya karya ta da cizo ɗaya, ya takure jikinsa ya zama ƙarami don kada ta ji tsoro. Ta tako, jela a sama, ta zagaya ta bayansa, ta shinshina ƙafarsa, ta shinshina jelarsa. Ta zo gabansa. Ya juyo a hankali a hankali, hancinsu ya haɗu.

Ban san tsawon lokacin ba. Gidan ya yi tsit, har ƙarar famfo mai ɗiga nake ji. Na ji kamar an bar ni na leƙa wani wuri da ba a saba barin mutane su leƙa ba, inda halittu suke da tasu gaisuwar da nasu alƙawarin tun kafin a yi mu. Hawaye suka zubo mini, na bar su.

Sannan Sufeto ta yi atishawa a fuskarsa, ta wuce ta je ta sha ruwa a kwanonsa, ta koma ɗaki abinta. Kurma ya dubi maigidan kamar mai kai ƙara. Maigidan ya ce, "Haƙuri za ka yi. Haka danginsu suke." Na ce ina ji fa.

Asabar, da yamma

Na nuna wa Auta bidiyon a waya. Ta kalla, ta ce in maimaita, ta sake kalla. A karo na uku ta sa yatsa ta tsayar da hoton, ba a kan magen ba, a gefe, inda hannun maigidan ya fito yana riƙe da igiya. Ta daɗe tana kallon hannun.

Na ce, "To, Auta, ga shi kin gani. In kira nas?"

Ta ce, "Mage ba ta da baki, Yaya. Ba ta taɓa faɗa wa kowa magana a gaban mutane ba. Karɓarta ba wuya."

Na dawo gida ban iya cin abinci ba. Maigidan ya ce, "Ta yarda?" Na girgiza kai. Ya ce, "Me kuma take jira?" Na ce, "Kai ma ka sani." Ya tashi ya fita baranda.

Lahadi, bayan la'asar

Ina sa takalmi zan tafi asibiti sai na gan shi a bakin ƙofa da rigar fita, fensir a bayan kunne. Bai ce zai raka ni ba, ni ma ban tambaya ba. A mota na ga gashin mage a hannun rigarsa, na kai hannu zan kaɗe, sai na fasa.

Da muka shiga, Auta ta yi ƙoƙarin gyara mayafi. Ya tsaya a ƙarshen gadon ya dube ta. Bai gan ta ba tun tana da kumatu.

Ya ce, "Sannu da jiki."

Ta ce, "Yauwa."

Matar gadon kusa har ta daina tauna.

Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro tef ɗin awo. Ya ce, "Ban zo tone-tone ba. Abin da na faɗa na faɗa, abin da kika faɗa kin faɗa. Awo na zo yi. Za ki iya zama ki sauko da ƙafa?"

Auta ta dubi tef ɗin, ta dube shi. Ta ce, "Makara za ka yi mini?"

Na ce, "Auta!"

Ya ce, "Ni ba na yin makara. Gado nake yi. Wanda ke ɗakin bayan ya yi tsawo, wanda aka ɗinke wa ciki ba ya hawa gado mai tsawo. So nake in kin zauna a bakinsa ƙafarki ta taɓa ƙasa."

Ta miƙo mini hannu, na tallafe ta ta zauna, na sauko mata da ƙafafu. Ya miƙo mini bakin tef ɗin ya ce in riƙe daidai gwiwarta. Shi kuma, mutumin da gwiwa ke damunsa, ya durƙusa a simintin asibiti da fararen kayansa, ya ja tef ɗin har ƙasa, ya kanne ido ɗaya ya karanta. Ya sake aunawa, don shi ba ya yarda da awo ɗaya. Ya rubuta a tafin hannunsa.

Ya ce, "Ta wane gefe kike sauka? In sa miki abin dafawa."

Ta ce, "Hagu." Muryarta ta karye a tsakiyar kalmar.

Ya rubuta. Ya dafa ƙarfen gado ya miƙe da ƙyar, ya naɗe tef ɗinsa. Ya ce, "Katakon na nan a shago, gobe zan yanka. Amma fenti sai ya sha iska kafin a kwanta a kai, saboda haka ki je su yi abin da za su yi, kafin ki fito ya bushe. Kada ki bar ni da gado a tsakar gida."

Ya juya ya fita, wai zai duba ko an rufe ƙofar waje.

Auta ta zauna ƙafafunta a ƙasa, tana kallon wurin da ya durƙusa. Ni kuma na kasa zama, ina riƙe da kafaɗarta. Nas ta shigo da tirenta, ta gan mu haka, ta buɗe baki za ta yi tambayar da ta saba, sai ta fasa.

Auta ce ta riga ta. Ta goge fuska da bakin mayafi ta ce, "Ki gaya wa likita gobe da safe. Kada ya makara, ana jirana a gida."